Buzuzu, Citta da Ƙwayar Sukari

Ina ɗan shekara 9 a Kafanchan, babu abin da nake tsoro kamar buzuzu. Wani dare da damina, ɗaya ya faɗo mini a wuya, na ƙwala ihu. Yayana ya ce idan buzuzu ya ci ya ƙoshi, yakan kai girman akuya. Na gaskata shi. Na yi makonni ba na barci sai da fitila.

Kakata da ke Kagoro ba ta yi boko ba, amma ta san citta. Bayan an haƙo, takan tsaga kowace gida biyu kafin ta shanya. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Jikana, rana ba ta kaiwa cikin mai kauri. In ban tsaga ba, ruɓewa za ta yi."

Ban gane darajar maganarta ba sai a sakandare. Malamin lissafi ya ajiye ƙwayar sukari ɗaya a kan tebur, muka ƙirga fuskokinta 6. Sannan ya haɗa ƙwaya 8, ya yi babba wadda ta ninka ta farko a tsawo, faɗi da tsayi. Ƙananan fuskokin da ke waje suka zama 24. Wato waje ya ninka sau 4, amma ciki da nauyi sun ninka sau 8.

A nan asirin yake. Ƙwaro ba shi da huhu. Iska tana shiga ta ƙananan ƙofofi a gefen jikinsa, ta bi siraran bututu har cikin nama. Idan jiki ya yi kauri, nama yakan yi wa iskar yawa, kamar cittar da ba a tsaga ba. Ƙafafu ma sukan kasa ɗaukar nauyin.

Kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce, iskar oksijin ta fi ta yau yawa. Yau kashi 21 ce cikin 100. A wancan zamani an yi wani ƙwaro, Meganeura, mai faɗin fikafikai kusan santimita 70. An sami burbushinsa a Faransa. Ko shi bai kai akuya ba.

Yanzu idan buzuzu ya faɗo, nakan ɗora shi a tafin hannu in fitar da shi waje, in kashe fitila.