An rufe bodar Jibiya, amma karatuna bai tsaya ba

Duk wanda ya tashi a Jibiya ya san boda ce gonarmu ta biyu. Daga Magama hanya ta miƙe zuwa Ɗan Isa har Maraɗi, kuma a kanta direba da ɗan dako da mai canjin sefa da mai tuwo a tasha suke samun na cefane da kuɗin makarantar yara. Idan aka rufe ta, kasuwa kan mutu, karatun yara ya bi bayanta. Sau da yawa kuma 'ya mace ake fara cirewa daga makaranta.

A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma garinmu na ciki. Lokacin da aka buɗe wasu iyakoki a Disamban 2020, babu tamu. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta Jibiya. Ku lissafa da kanku: kusan shekaru uku, daidai tsawon karatun babbar sakandare. Ni kuwa a lokacin nake shiga SS1.

Makarantata ita ce St. Louis da ke Bompai a Kano, makarantar 'yan mata ta Cocin Katolika. Sistocin St. Louis sun iso Kano daga ƙasar Ailan a 1948, kuma tun da daɗewa iyaye Musulmi da Kirista suke kai 'ya'yansu wurinsu saboda tarbiyya da karatu. Gwaggona, ƙanwar Baba, a can ta yi, ita ce ma ta sa aka kai ni. Baba yana sayo aya da wake daga Maraɗi ya kawo Katsina da Kano. Da wannan sana'ar ya biya mini aji uku na farko ba tare da ya ranci sisin kowa ba.

Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, makaranta mai zaman kanta da abin da ya shigo mata take tafiya. Albashin malamai, abincin ɗalibai, man janareto, gyaran famfo, kayan ɗakin gwaje-gwaje, duk daga kuɗin makaranta ne da kuma gudummawar masu son ta. Saboda haka idan iyaye suka gaza, ita ma makarantar tana jin jiki.

Da zango na biyu ya ƙarato, Baba ya sayar da ragunan da Umma ke kiwo, kuɗin bai kai ba. Aka fara maganar in dawo gida "kafin a ga abin da Allah zai yi". 'Yan mata, kun san ma'anar wannan magana a garuruwanmu.

Gwaggo ta zo daga Katsina. Ta gaishe da Baba ta ce, "Yaya, ka bar mini maganar yarinyar nan. 'Yan ajinmu suna da asusu." Baba ya ce shi bai saba karɓar sadaka ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Bashi ne. Ranar da ta samu, ita ma ta biya wa 'yar wani." Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce Allah ya yi albarka.

Daga baya na fahimci yadda asusun yake. Matan da suka gama tare da Gwaggo suna da zaure a WhatsApp. Akwai likita a cikinsu, akwai malamar firamare, akwai mai shagon atamfa, akwai wadda ke zaune a Ingila. Wasu Hausawa ne, wasu Ibo, wasu Yarabawa. Wata za ta ce sai ta dawo daga coci za ta tura nata, wata ta ce sai bayan sallar Juma'a. Kowane wata kowa tana zuba abin da ta ɗaukar wa kanta, kamar adashi, sai dai wannan babu mai kwasa. Dokokinsu uku ne. Kuɗi asusun makaranta yake tafiya kai tsaye, ba ya bi ta hannun kowa. Ma'aji tana ɗora hoton rasit a zaure kowa ya gani. Sannan ba a yaɗa sunan yarinyar da aka biya wa. Har na gama SS3, babu 'yar ajinmu da ta san wani ne yake biya mini. Wannan sutura ta fi mini kuɗin daɗi, domin na zauna a aji kaina a ɗage kamar kowa.

Kada ku ɗauka sai masu kuɗi ke irin wannan. A ce ajinku mutum 40 ne, bayan kun fara sana'a kowa ya riƙa ba da naira 2,000 a wata. A shekara kun tara naira 960,000. Da wannan za a iya biya wa ɗalibai da dama kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO, ko a gyara rijiyar burtsatse, ko a sayi littattafai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne rashin rubuta lissafi, da ɓarnatar da kuɗin a ankon taro da liyafa, da jiran wani babba ya zo ya ba da miliyoyi a gaban kyamara.

An sake rufe bodar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Lokacin ina shirin shiga jami'a, na ga ƙannen ƙawayena biyu a unguwarmu sun bar makaranta. Kaifin ƙwaƙwalwarsu ya kai nawa, wataƙila ma ya fi. Makarantarsu ce ba ta da tsofaffin ɗaliban da suka haɗa kai. Wannan ya sa mu 'yan ajinmu muka buɗe namu asusun tun muna aji ɗaya a jami'a. Naira 500 muke zubawa, daga kuɗin abincinmu. Bai kai kuɗin zango ba tukuna, amma ya sayi takalma da kayan lissafi da audugar mata ga 'yan aji ɗaya.

Ƙannena, ko makarantarku ta mishan ce, ko ta gwamnati, ko Islamiyya, aikin ɗaya ne, kuma tun kuna ciki ake fara shi. Kafin ku rubuta takardar ƙarshe, ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ku rubuta sunan kowa da garinsu da lambar wani babba a gidansu, domin lambar yarinya kan canza bayan aure. Ku zaɓi mutum biyu masu amana su riƙe lissafi. Ku sa rana ɗaya a shekara da za ku koma ku gaida malamanku, ku tambayi shugabar makaranta abin da ya fi damun ta. Zumunci a ƙafa yake, kuma a cikin ƙannen da za ku tarar a aji akwai wadda zangon nan ne zai yanke ko za ta ci gaba.