Ɗanɗanon Ƙasar Sin a Cikin Garin Kaduna

Alaƙar Kaduna da Sinawa ba ta yau ba ce. Wani attajirin Hong Kong ne ya kafa masaƙar UNTL a 1964, kuma kamfanin Sin ne ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Rigasa da aka buɗe a 2016. Baƙo kuwa da girkinsa yake tafe.

Ranar Asabar muka bi titin Ahmadu Bello zuwa wani gidan abincin Sinawa, inda ake zuba wa mutum a roba ya tafi gida. Muka tambayi ma'aikaciyar ko ana sa naman alade ko giya a girkin. Ba ta ɓata rai ba, ta zaɓa mana soyayyar shinkafa da kaza. Abincin ya zo da zafinsa, yana ƙamshin citta da tafarnuwa, sai dai yajinsa bai kai na gida ba.

Farashin ne ya girgiza mu. Kuɗin roba ɗaya zai ƙosar da mu uku a wajen mai shinkafa da wake, ga harajin kashi 7.5 cikin 100 a kai.

'Yan'uwa ɗalibai, ku tambayi abin da ke cikin tukunya da jimlar kuɗi kafin a zuba. Matambayi ba ya ɓata.