Baƙin Tabo a Ƙarƙashin Farce

A shekarar 1977 wani baƙin tabo ya bayyana a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafar Bob Marley, shahararren mawaƙin nan na Jamaika. Da yake mutum ne mai ƙaunar ƙwallon ƙafa, sai aka ɗauka rauni ya ji a filin wasa. Da likitoci suka bincika, suka tarar melanoma ce, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke bai wa fata launinta. Suka ba da shawarar a yanke yatsan, ya ƙi saboda aƙidarsa ta Rasta, aka cire farcen da naman ƙarƙashinsa kawai. Cutar ta bazu har huhu da ƙwaƙwalwa. Ya rasu a Miami ranar 11 ga Mayu, 1981, yana ɗan shekara 36.

Mutane da yawa na zaton sankarar fata ciwon Turawa ce. Gaskiya ne ta fi yawa a cikinsu, amma wannan zato ya jawo sakaci, domin irin melanomar da ta fi kama baƙar fata a wuraren da rana ba ta cika dukansu ba take fitowa: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Tafin ƙafa kuwa, wa ke ɗaga shi ya duba? Manomin da ƙafarsa ta sha faso da kaushi, in ya ga baƙi a diddige, sai ya ce ƙaya ce ko tuntuɓe.

Ita wannan cuta, kaurinta ake aunawa da milimita. In an cire ta tun ba ta kai milimita 1 ba, galibi ƙaramar tiyata ta wadatar. In ta nutsa cikin nama, magana ta canja.

Saboda haka likitoci ke son a lura da tawadar Allah da ta fara girma, ko gefenta ya daina daidaita, ko launinta ya rarrabu, ko take zubar da jini. Haka ma baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi yana malalowa kan fatar gefe. Wanda aka taɓa cire wa melanoma, da wanda take cikin danginsa, da wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan magungunan rage garkuwar jiki, su ya fi kamata likitan fata ya riƙa dubawa a kai a kai. A gida kuma, ana ɗaukar hoton tabon da waya, a kwatanta shi da na watan da ya gabata.