Yadda Muka Yi Asarar Kuɗin Ƙwallonmu

Mu takwas ne a aji biyu muka haɗa asusu don mu sayi ƙwallon fata. Kowace Juma'a kowa yana zuba naira 200 daga kuɗin tararsa. A mako biyar muka tara naira 8,000.

Ana nan sai ɗayanmu ya ga wani saƙo a wayar yayansa, wai duk wanda ya tura naira 3,000 za a mayar masa da 6,000 bayan kwana biyu. Har da hotunan alat na waɗanda aka ce sun samu. Muka ce bari mu gwada. Muka je wurin mai POS muka tura. Da kwana biyu suka cika, sai aka ce mu ƙara 2,000 na rajista, muka ƙara. Daga nan lambar ba ta sake shiga ba.

Kunya ta hana mu faɗa wa kowa, sai da malamarmu ta darasin kasuwanci ta lura mun yi jugum. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta tambaye mu wanda ya aiko saƙon, da abin da yake sayarwa har yake samun wannan riba. Muka rasa amsa. Sai ta ba mu labarin MMM, wanda ya rufe asusun mutane a Nijeriya a Disambar 2016. Ta ce irin waɗannan da kuɗin sababbin shiga suke biyan tsofaffi, ranar da shiga ta tsaya kuwa kowa ya tashi a tutar babu.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne, mu 'yan ƙungiyar jarida ne. An koya mana kada mu liƙa labari a bangon nan sai mun san wanda ya faɗa da hujjarsa. Amma da labarin ya zo da kuɗi, sai muka manta.

Yanzu ko biskit za mu saya, muna duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa. Mun kuma gane cewa banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa.

'Yan'uwa ɗalibai, in saƙon kuɗi ya zo muku, ku nuna wa malami ko iyaye kafin ku taɓa aljihu. Mu dai saura naira 3,000 a asusunmu, kuma mun ci gaba da zubi.