Itatuwan Gonakin Ɗan Saga

'Yan uwa manoma da makiyaya, wanda duk ya bi babbar hanya daga Maraɗi zuwa Agiye da Gazawa, ya dubi gonaki dama da hagu. Gawo ne, da kalgo, da sabara, da aduwa, tsaye cikin hatsi. Lokacin yunwar 1984 ba haka wurin yake ba. Fili ne fetal, iska tana binne shuka da rairayi, sai mutum ya sake shuka sau biyu ko uku.

Ba dasa su aka yi ba. Kututturen da ake sarewa wajen sassabe, saiwarsa tana da rai a ƙasa. Tun 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya riƙa nuna wa manoma dabarar: a zaɓi toho mai ƙarfi, biyu ko uku, a datse sauran, a bar su su girma. Shi ne sassaben zamani.

Gawo ya fi su duka. Da damina yana zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa. Da rani 'ya'yansa abincin bisashe ne, bisashen kuma su bar taki a gindinsa.

Wahalar ita ce masu sara da dare. Don haka mutanen Ɗan Saga, arewa da Agiye, suka kafa kwamitin tsaro, da mata da makiyaya a ciki. Wanda aka kama da gatari a gonar wani, tara ce.