Wankin Dare a Masana'antar Yogot

Masu ziyartar masana'antar yogot sun fi son a kai su da hantsi, lokacin da robobi ke bin layi ana cika su ana liƙe musu baki. Ni kuwa bayan la'asar sakaliya aka shigar da ni wata da ke wajen birnin Kano, motocin rabo sun gama lodi, yawancin ma'aikata sun kama hanyar gida. A bakin ƙofa aka ba ni farar riga da hula da takalmin roba, na taka ta cikin wani ɗan kwarmi mai ruwan kulorin, sannan aka buɗe mini zauren.

Zaure ne dogo, daɓensa ya ɗan karkata zuwa magudanai don kada ruwa ya kwanta. Tankuna na ƙarfe mara tsatsa sun jeru, kowanne ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, bututai kuma sun sarƙe ta sama suna shiga wannan suna fita wancan. Ɗan ƙamshin tsamin nono na nan bai gama bajewa ba. An ce mini yanzu za a fara wanki, amma ban ga kowa da soso ko bokiti ba. Mutum biyu ne kawai, babba da yaronsa, sanye da safar hannu da gilashin kare ido, suna sauya mahaɗar bututai.

A can ƙuryar zauren abin yake: tankin ruwa, tankin soda, tankin asid, sai injin da ke tura su. Ba a kwance komai. Hanyar da madara ta bi da rana ita ruwan wankin zai bi da dare, ya zaga ya dawo inda ya taso. Injiniyoyi na kiran tsarin CIP. A Amurka ya kankama wajen shekarun 1950. Kafin nan, kullum sai an kwance bututan da sifana, a goge su da buroshi ɗaya bayan ɗaya, a sake ɗaurawa kafin gari ya waye.

Dattin madara mugun datti ne, kuma a nan na fahimci dalili. Madarar yogot ana dafa ta zuwa digiri 90 ko sama da haka na kimanin minti 5, tana ratsa wasu siraran faya-fayan ƙarfe da aka matse wuri guda. Duk wadda ta taɓa dafa madara ta san ƙanzon da ke kama gindin tukunya. Irinsa ne ke kama waɗannan faya-fayai, sai dai a inda ido ba ya kaiwa. Furotin ya manne, maiƙo ya shafe, kalsiyam ya daskare ya zama farin ɓawo. Daga nan madarar ta wuce tankin da ake ajiye ta a digiri 42 zuwa 43 don ta kama. Wannan ɗumin da ƙwayoyin yogot ke so, ƙwayoyin cuta da yawa ma ba sa ƙin sa. Ɓawon jiya kaɗan ya ishe su mafaka.

Aka fara da ruwa mai ɗumi zalla. Da gangan ba a sa tafasasshe, domin zafi ƙara dafa furotin yake yi a jikin ƙarfe. Akwai wani ɗan gilashi a jikin bututun dawowa, na tsaya ina kallonsa: ruwan ya fito fari fat, ya koma tsararo, can ya washe. Sai aka saki soda. Ita ce dai sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, an sirka ta da ruwa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, an ɗumama ta zuwa wajen digiri 75. Ita ke narkar da maiƙo da furotin. Bututan suka ɗauki zafi, zauren ya cika da gurnani. Bayan ta sai ɗauraya, sannan asid ɗin naitirik mai rauni don ya cinye farin ɓawon da soda ba ta iyawa, sai kuma wata ɗaurayar. Kashe ƙwayoyin cuta da ruwa mai tsananin zafi ko da sinadari yana zuwa ne dab da za a sake shigo da madara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ruwa ke maye gurbin hannu. Dole ya yi gudun da bai gaza mita 1.5 a daƙiƙa ba, don ya riƙa tumbatsa yana kankare cikin bututu. In ya tafi a sanyaye, shafa kawai zai yi ya wuce. A cikin tankuna kuma akwai wata ƙwallon ƙarfe mai huji-huji da ke rataye a sama tana fesa ruwan ko'ina. Na kara kunne kusa da tanki ɗaya, na ji yana ta rugugi har ƙasa. Tun 1959 wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana cewa wanki a kan abu huɗu yake tsaye: lokaci, zafi, sinadari da ƙarfin gurza. Ka rage ɗaya, sai ka biya da wani.

A nan ne fa Kano ke shigowa cikin lissafin. Zafin nan tukunyar tururi ke samar da shi, gudun nan wuta yake ci, wutar kuma sau da yawa ta janareta ce mai shan man dizal. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar zagayen soda, ruwan ya huce, gaskiyar magana sai a sake ƙirga lokacin daga farko. Ruwan rijiyar burtsatse ma in yana da kanwa-kanwa, shi kansa yana barin ɓawo, sai an tace shi. Sa'o'i ne ake ƙona mai ba a cika ko roba ɗaya ta sayarwa ba. Ba wuya mai masana'anta ya ga kamar asara ce ya ce a taƙaita. A ganina, nan ake gane wanda ya san darajar cikin mutanen da ke shan kayansa.

Injin ma ba komai yake iyawa ba. Yaron na tsugune gaban wani baho yana wanke bakunan injin cikawa da hannu, babban kuma yana bin robobin mahaɗa yana duba wadda ta tsage, don tsaga ɗaya kan ɓoye abin da zai lalata tanki guda. Ya nuna mini wani guntun bututu da aka yanke aka toshe daf da layin; a dā reshe ne mai tsawo da ruwa ba ya zagayawa a cikinsa. A ƙarshe ya ɗebi ruwan ɗaurayar ya gwada, ya tabbatar babu ragowar soda ko asid, ya rubuta zafi da lokaci da ƙarfin sinadari a wani littafi mai kauri, ya sa hannu.

Na fito ina tunanin ɗimbin masu haɗa yogot a shaguna da gidaje a unguwanninmu, da durom na roba da tiyo. Ba kowa ke da kuɗin irin waɗannan tankuna ba, amma ruwan zafi da soda da tiyo mai tsabta ba su fi ƙarfinsu ba. Jami'an NAFDAC kuma, in sun je duba masana'anta, kada su tsaya ga ƙyallin tanki daga waje. Su nemi littafin wanki, su duba ko akwai daren da aka tsallake.