Alƙalamin da ya bushe bai mutu ba

Tunda lokacin bushewa ne, leɓe na tsagewa, ƙafa na kaushi, bari mu taɓa maganar wani abu da shi ma iskar nan ba ta ƙyale shi ba, wato alƙalami mai shan tawada, wanda ƴan lakwal ke ce wa sitilo, mai kartush ko mai ɗan famfo a ciki.

Mun san wasu za su ce, to wa ke rubutu da wannan yanzu? Gaskiya ne, bik ya cinye kasuwa tun tuni. An fara sayar da Bic Cristal a Faransa a 1950, kuma a 1965 hukumar can ta yarda yara su yi rubutu da irinsa a aji. Mu ma nan sannu a hankali ya kori ƴar kwalbar tawadar da ake sakawa cikin ramin tebur. Amma ku buɗe akwatin ƙarfen tsofaffinmu ku gani. Gidan tsohon mushe, gidan tsohon akawu, gidan wanda ya yi rubutun wasiƙa a bakin gidan waya, da wuya a rasa guda ɗaya kwance tare da sartifika da hotuna. Ranar da aka ciro shi, a gwada, ya ƙi rubutu, sai a ce ya mutu, a miƙa wa yara su yi wasa. Nan ne muke so mu sa baki, domin mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. Ƙishirwa ce kawai.

Ga yadda abin yake. Ƙarƙashin bakin ƙarfen nan akwai wani baƙin abu, mu muna ce masa harshe. A jikinsa an tsaga ƴan hanyoyi sirara kamar gashi. Ta nan tawada ke biyowa ta sauko, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, iska kuma ta shiga ta maye gurbin abin da ya fita. Ita tawadar irin wannan alƙalami kusan duk ruwa ce, sai launi da aka narkar a ciki. In aka ajiye alƙalami wata da watanni, ruwan ya tafi, launin ya zauna ya daskare cikin hanyoyin. To abin da ruwa ya ɗauko ya ajiye, ruwa na iya dawowa ya kwashe shi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san haka. In kurtu ya bushe, malam ba ya jefar da shi, ɗan ruwa yake ɗigawa ya motsa, a ci gaba da rubutu.

Mu guda 3 muka tarar a kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ɗaya Hero ne na Shanghai, mai lamba 616, irin wanda bakinsa ke ɓoye sai ɗan tsini, an kwaikwayi Parker 51 da ya fito a 1941. Ɗaya mai kartush ne na ƴan makaranta. Na ukun tsoho ne sosai, mai ɗan ƙarfe a gefe da ake ɗagawa in za a sha tawada. Biyun farko ruwa kaɗai ya tashe su, ɗaya a kwana 2, ɗaya a kwana 4. Na ukun za mu zo kansa.

Abin da ake yi ba shi da wuya, haƙuri kawai yake ci. A kwance alƙalamin, a cire kartush in mai kartush ne, a ɗauki ɓangaren gaba mai baki da harshe a tsoma cikin kofin gilashi da ruwa mai sanyi ko wanda bai wuce ɗumin jiki ba. Nan da nan za ku ga launi na fitowa kamar hayaƙi. A bar shi ya kwana. Da safe a zubar, a sake sabon ruwa, haka har ranar da ruwan ya wayi gari fari. In akwai sirinji marar allura, ko ƴar robar nan da ake zuƙe wa jarirai majina, a cika ta da ruwa a tura ta bayan ɓangaren, ruwan ya fito ta baki. Wannan yana rage kwanaki. Mai famfo irin Hero ba sai an cire komai ba, a tsoma bakin cikin ruwa a dinga matsa ƴar jakar ana saki, ta sha ta tofar, ta sha ta tofar. Sau 30, sau 50, kada a gaji, don irin wannan baki mai rufi yana ɓoye tawada da yawa. In an gama a tsayar da shi, baki ƙasa, kan tsumma mai tsabta ko takarda mai laushi, ta tsotse sauran ruwan. A inuwa, yini guda.

Wane ruwa? Wannan tambaya ce ta ƙasarmu. Rijiyoyi da yawa ruwansu na da kanwa ko gishiri, kun ga farin da yake bari a gindin buta. Abin da ya bari a buta zai bari a cikin harshe. Jiƙon farko ba laifi a yi da ruwan famfo, amma ɗaurayar ƙarshe gara ruwan leda mai kyau ko ruwan sama da aka tace. Mutanen Damagaram, mun san darajar ruwa a wurinku, to ku kwantar da hankali, duk aikin nan bai cin lita 1. Wasu na zuwa wajen masu batir su sayo tataccen ruwa. Yana da kyau, amma a yi hattara ƙwarai, domin a rumfa ɗaya ake ajiye tataccen ruwa da ruwan asid, kuma a ido kamarsu ɗaya. In ba ku tabbatar da abin da ke cikin kwalba ba, ku bar ta.

In an yi kwana 3 ko 4 ruwa na fita fari amma alƙalami na rubutu yana yankewa, sai a ƙara mataki. Ɗigo 1 na sabulun wanke-wanke na ruwa cikin kofi guda. Ɗigo 1 muka ce, ba cokali ba. Kuma ba garin omo ba, shi yana da ƙarfi, ga tsaki-tsaki da ba ya narkewa duka. Bayan sabulu a ɗauraye sosai, in ba haka ba tawada za ta dinga zubowa ba birki, rubutu ya baje a takarda.

Sai mataki na gaba, wanda shi ne asalin ruwan wankin alƙalami da ake sayarwa cikin ƴan kwalabe a ƙasashen waje da tsada. Yawancinsu ba wani sirri a ciki: ruwa ne, da amoniya kaɗan, da ɗan sabulu. Wanda ya samu amoniya ta wanke gida, marar turare, sai ya auna kashi 1 nata, kashi 10 na ruwa. A jiƙa awa 1 ko 2, a ɗauraye, a duba. Ba a barin ta ta kwana, kuma ba a kusantar da ita ga alƙalamin alminiyam ko mai tagulla, tana cin su. A yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa.

A nan muna roƙonku ku saurara da kyau, musamman iyaye mata da ke da kwalaben wanki a madafa. Kada a taɓa haɗa amoniya da ruwan jabel. Ko kaɗan. In suka haɗu suna tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, a ɗaki rufe tana iya kai mutum asibiti. Wannan ya wuce maganar alƙalami. Shi kansa jabel ba abokin alƙalami ba ne, yana cin ƙarfe.

Abubuwan da suka fi kashe alƙalami a garuruwanmu dai ba bushewa ba ce, gaggawar masu gyara ce. Wani ya tsoma a isansi, wani a alkol, wani a ruwan goge farce. Waɗannan suna narkar da roba ko su sa ta tsage, kuma abin dariyar shi ne ba su ma fi ruwa iya narkar da tawadar ba. Wani ya zuba tafasasshen ruwa, harshe ya lanƙwashe. Mafi ciwo shi ne allura. Wani maƙwabcinmu ya kai nasa wajen mai gyaran agogo a kasuwa, mutumin ya zura allura cikin tsagar baki yana ƙwaƙula. Tsagar nan da kuke gani an auna ta ne, tana tsukewa zuwa tsini, shi ya sa tawada ke bin ta. Da allura ta buɗe ta, shi ke nan, tawada ta iso rabi ta tsaya. A kan tsinin kuma akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri, shi ke gogar takarda shekara da shekaru. In ya ɓalle, bakin ya zama ƙusa.

Akwai kuma abin da ake ɗura masa. Mun ga masu zuba tawadar allo, don ita ce a kusa kuma ba ta da tsada. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro. Ƙaro zai narke a ruwa, amma gawayi ba ya narkewa, gari ne, yana shiga hanyoyin harshe ya zauna kamar yashi a magudana. An yi ta ne don alƙalamin kara, wanda in ya toshe sai a fere shi. Haka tawadar zane da masu Faransanci ke kira ta ƙasar Sin: da yawa cikinta akwai wani danƙo da in ya bushe ruwa ba ya taɓa shi. A irin wannan ne amoniya ke ɗan taimakawa, wani lokaci kuma sai an zare baki da harshe an goge da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Tawadar hatimi da ta injin buga takardu su ma a bar su inda suke. A nemi kwalbar da aka rubuta cewa ta irin wannan alƙalami ce, kamar Quink ta Parker, wadda ke kasuwa tun 1931, ko 4001 ta Pelikan, ko ta Hero.

Wata tawadar kuma dangin yambari ce. Malamanmu na dafa bagaruwa da ƙarfe su sami tawadar da ke kama takarda, Turawa ma da irin wannan haɗin suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu, har yau ana yin ta don takardun da ake so su daɗe. Za ku gane ta da cewa tana sauka shuɗiya, bayan ɗan lokaci ta koma baƙa. In irinta ce ta bushe a ciki, binegar ya fi amoniya aiki, shi ma kashi 1 cikin 10 na ruwa, na ɗan lokaci, a ɗauraye. Ba a gwama su biyun a kofi ɗaya, kowanne kashe ƙarfin ɗan uwansa yake.

To, na ukun nan namu. Da muka girgiza shi sai muka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Jakar robar da ke cikinsa ce ta tsufa ta farfashe. Wannan ba aikin ruwa ba ne, sai an samo sabuwar jaka an liƙa. Irin waɗannan tsofaffi ma ba a nutsa su gaba ɗaya, don ƙarfen ciki na tsatsa, kuma baƙar robar da aka yi wasunsu da ita tana komawa ruwan ƙasa in ta sha ruwa ko rana. Baki kawai ake tsomawa. Namu yana nan naɗe cikin tsumma, mun wanke bakin, muna jiran wani ɗanmu da ke karatu a waje ya zo mana da jakar. Kafin ku ba yaro ko ku sayar wa ƴan gwangwan, ku duba jikin bakin da kyau. In kun ga 14K ko 585, ko 18K ko 750, zinariya ce.

In alƙalami ya tashi, kiyaye shi ba wuya. Murfi a rufe da an ɗaga hannu daga takarda, balle yanzu da iska ke busar da baki kafin mutum ya gama tunanin kalma ta gaba. A yi rubutu da shi ko layi 2 ne duk ƴan kwanaki. In za a yi tafiya a bar shi, a juye tawadar a wanke. In bazara ta zo, watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40, kada a bar shi cikin mota ko aljihun gaba a rana, iskar ciki na kumbura ta turo tawada waje, farar shadda ta tafi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi shafar aljihu. Sauƙin wankin nan da muke yabo, a kan takarda ma haka yake. Shuɗiyar tawadar ƴan makaranta an yi ta ne don ta fita daga riga, har akwai farin alƙalamin gogewa da ke ɓatar da ita nan take ba tare da ya kankare takarda ba. Saboda haka wanda ya gyara alƙalamin babansa yana ɗoki, kada ya ɗauke shi da irin wannan tawada ya rubuta takardar cinikin gona, ko ta bashi, ko ta rabon gado. Ɗaki ya yi yoyo a watan Agusta, ko hannun da bai da tsoron Allah ya kai kanta, sai a nemi adadin kuɗi da sunayen shaidu a rasa. Gwajin mai sauƙi ne: ku yi rubutu a guntun takarda, ku bar shi ya kwana, da safe ku ɗiga masa ruwa ku shafa da yatsa. In ya wanke, tawadar wasiƙa ce da littafin yara. Takardar gona kuwa a nemo mata wadda ta tsaya, ko a rubuta ta da baƙin bik, kowane shaida ya sa hannu, a yi hotokwafi a ajiye a wani gidan dabam.